Dusashewar fitilun mota: Haɗarin da direbobin Jalingo za su iya magancewa a ƙofar gida

Da zarar an idar da sallar Magariba a Jalingo, titin Hammaruwa yakan cika da Keke Napep da ƙananan motoci, kowa na hanzarin komawa gida. A daidai wannan lokaci ne kuma motocin haya da suka makara ke ficewa daga gari, wasu su nufi Wukari, wasu Yola, wasu kuma su ɗauki hanyar Bali. Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya dubi fitilunsu da kyau, zai ga abin da ido ya saba da shi har aka daina ɗaukarsa matsala. Fitilun a kunne suke, ƙwayayen lafiyarsu ƙalau, amma murfin gabansu ya yi ruwan ɗorawa, ya yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Hasken da ya kamata ya miƙe ya haska kwalta sai ya watse a gaban bamba.

Masu motoci da dama suna ɗora wannan a kan tsufa, su ce ai mota ta sha jiki. Wasu su sayi ƙwai mai ƙarfi su saka, wasu su ɗaura ƙarin fitilu a kan bamba, wasu kuma su riƙa tafiya da cikakkiyar wuta dare farai, suna kashe wa masu tahowa ido. Alhali a mafi yawan lokuta matsalar ba ta wuce fatar waje ta murfin fitilar ba, kuma da ruwa, da samfefa, da haƙurin awa biyu, ana iya maganinta a ƙofar gida.

Abin da rana ke yi wa roba

Dattawan direbobi da suka tuƙa Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su san wannan cuta ba. Fitilun wancan zamani na gilashi ne. Dutse na iya fasa su, amma rana ba ta canza musu launi. Sauyin ya faro ne daga Amurka a 1983, lokacin da hukumomin ƙasar suka sassauta ƙa'idar ƙirar fitilun mota, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 roba ta mamaye kusan dukkan sababbin motoci. Robar da ake amfani da ita sunanta folikabonet. An gano ta a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da kamfanin General Electric na Amurka kusan a lokaci guda. Ba ta da nauyi, tana jure duka fiye da gilashi nesa ba kusa ba, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda mai zanen mota ya ga dama.

Raunin wannan roba ɗaya ne: ba ta shiri da rana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, shi ne ke ƙona fatar mutum, shi ne kuma ke wargaza sinadaran robar har ta rine. Don haka ne kamfanoni ke lulluɓe kowace fitila da wani siririn rufi mai tauri kafin ta bar masana'anta. Shekaru na tafiya, wannan rufi yana ƙonewa, yana tsattsagewa, yana ɓarewa. Daga nan sai rana ta sami robar tsirara.

Yanayin Jalingo yana gaggauta wannan lalacewa. Birnin bai kai digiri 9 daga tsakiyar duniya ba, don haka rana na dukan motoci kai tsaye kusan duk shekara, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Idan hunturu ya shigo, ƙura takan kwanta a kan fitila, mai mota ko yaron wanki ya sa busasshen tsumma ya goge, kowace guga kuwa tana barin ƙananan zane da ido ba ya gani sai sun taru. Ga sabulun gari mai kaifi da ake wanki da shi, ga tsakuwa da yashin da manyan motoci ke watsowa a kan hanya. Sannan yawancin motocin da ke yawo a garin, irin su Corolla da Camry da Sienna, na hannu ne, sun riga sun sha ranar wata ƙasa shekara da shekaru kafin su iso.

Mita nawa direba ke gani?

A watan Disambar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi a kan fitilun motocin da suka kai kimanin shekara 11. Ta gano cewa fitilar da ta dusashe tana fitar da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken da sabuwa ke fitarwa. Ƙungiyar ta kuma ce alamun lalacewar na iya fara bayyana tun mota na da shekara uku zuwa biyar.

Idan aka mayar da wannan adadi zuwa mitoci a kan hanya, sai girman abin ya fito. Ƙarfin haske yana raguwa da sauri gwargwadon nisa, ta yadda fitilar da ta rage da kashi 22 ba ta iya haska ko rabin nisan da sabuwa ke haskawa. Misali, abin da sabuwar fitila za ta nuna wa direba daga mita 80, dusasshiya ba za ta nuna shi da irin wannan haske ba sai ya rage ƙasa da mita 40. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar gudun ƙananan motoci a manyan hanyoyin da ba tagwaye ba, tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 33. Birkin kansa yana buƙatar wasu mita 35 ko fiye a busasshiyar kwalta. Jimilla kusan mita 70 ke nan. Wanda bai ga haɗari ba sai a mita 40, ko da birkinsa sabo ne, ya riga ya makara.

Hanyoyin Taraba kuwa ba sa yafe irin wannan makara. Hanyar Jalingo zuwa Wukari ta ratsa ta Iware mai kasuwar shanu, da Mutum Biyu, da garuruwan da ake lodin doya da hatsi, inda masu tafiya a ƙasa da dabbobi da motocin da suka lalace ba tare da alama ba ke raba kwalta da matafiya. A kan wannan hanya ce ambaliya ta karya gadar Namnai a watan Agustan 2024. Mai zuwa Gembu kuma, bayan ya wuce Bali da Serti, sai ya hau tsaunin Mambilla daga Mayo Selbe, hanya mai kwane-kwane da hazo ke rufewa safe da yamma. A cikin hazo ko ruwan sama dusasshiyar fitila ta fi muni, domin hasken da ta watsa sama yakan dawo wa direban cikin ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare, kuma rashin ingantattun fitilu na cikin laifukan da jami'anta ke kamawa. Sai dai idon mai bincike a shingen hanya ya fi zuwa kan ko fitila ta kama ko ba ta kama ba. Yawan hasken da take bayarwa, wannan an bar wa mai mota da lamirinsa.

Sabuwa ko gyara?

Magani mafi inganci shi ne sauya fitilar da sabuwa ta ainihin kamfanin motar. A gwajin AAA irin wannan ce kaɗai ta dawo da haske ɗari bisa ɗari. Sababbi na wasu kamfanoni sun ba da kashi 83 zuwa 90, yayin da gyara, na ƙwararre ko na gida, ya dawo da hasken zuwa kimanin kashi 70. Ƙungiyar ta kuma lura cewa fitilar da aka gyara tana ɗan kashe ido fiye da sabuwa.

Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Direban hayar da ke lissafin kuɗin mai da balas ɗin mai mota da cefanen gida ba zai sa sabuwar fitila a gaban taya ko birki ba. Ta hannu da ake sayarwa a shagunan kayan gyara kuwa sau da yawa ita ma rufinta ya kusa ƙarewa, an dai goge ta ne ta yi ƙyalli a kan kanta. A irin wannan hali, tashi daga kashi 22 zuwa 70 da kuɗin samfefa da man guga ba ƙaramar riba ba ce.

Yadda ake aikin a gida

Matakin farko shi ne a tabbatar cewa matsalar a waje take. A shafa hannu a kan fitilar: idan ta yi kaushi, kuma da an watsa mata ruwa sai ta washe na ɗan lokaci, to lalacewar ta waje ce, guga za ta yi aiki. Idan kuwa wajen sumul yake amma ana hango gumi ko ƙura ko tsatsa a ciki, wannan wata matsala ce daban.

Kayan aikin ba su da yawa: bokitin ruwa mai tsabta, sabulu marar kaifi, tsumma mai laushi, salatif ɗin takarda irin na masu fenti, man gugar fentin mota, da samfefar ruwa mai lamba 800, da 1000, da 1500, da 2000, har da 3000 idan an samu. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta ne, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Duk ana samun waɗannan a shagunan da ke sayar wa masu fentin mota kaya. Abu na ƙarshe, wanda kuma shi ne ginshiƙin aikin, shi ne man kariya daga rana da aka yi musamman domin fitila.

A ajiye motar a inuwa, a bari fitilar ta huce. A wanke ta da sabulu, a tsane, sannan a zagaye gefunanta da salatif ninki biyu, domin kuskure ɗaya da samfefa na iya kankare fentin bonet ko bamba. A jiƙa samfefar a ruwa na kimanin minti goma kafin a fara.

Ana farawa da lamba 800, ko 600 idan fitilar ta yi muni sosai. A riƙa guga a miƙe, daga hagu zuwa dama, ba tare da dannawa da ƙarfi ba, ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da zai fara gangarowa rawaya ne, wato tsohon rufin da ya ƙone. Idan ya koma fari kamar madara, an isa lafiyayyar roba. A wannan mataki fitilar za ta yi fari fat kamar an ɓata ta gaba ɗaya, kuma a nan ne masu gajen haƙuri ke tsorata su bari. Haka aikin yake. Abin lura kawai shi ne farin ya zama bai ɗaya, babu tsibirin tsohon rufi da ya saura, musamman a kusurwoyi.

Daga nan sai a koma lamba 1000, a sauya alƙibla, a riƙa guga daga sama zuwa ƙasa. Hikimar sauyawar ita ce a gane lokacin da zanen samfefar baya ya ɓace. Haka za a bi 1500, da 2000, da 3000, ana sauya alƙibla ana ɗauraye fitilar tsakanin kowane mataki, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale na iya mayar da aiki baya. Tsallake lamba don sauri shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma sakamakonsa zane ne da ba ya fita sai an sake daga farko.

Bayan samfefa ta ƙarshe sai a tsane, a ɗiga man guga a tsumma, a murza da'ira-da'ira har fitilar ta washe ana hango cikinta tas. Mai amfani da injin guga ya kula kada ya tsaya wuri guda, domin zafi na narkar da robar.

Matakin da bai kamata a tsallake ba

Fitilar da aka goge tana ƙyalli kamar sabuwa, amma a gaskiya ta fi kowane lokaci rauni, domin an kankare ɗan rufin da ya rage mata. Idan aka bar ta haka a ranar Jalingo, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ke cewa gugar fitila yaudara ce: an yi musu rabin aiki ne.

Hanya biyu ake bi wajen mayar da kariyar. Ta farko ita ce man shafawa ko na fesawa da ke zuwa cikin kwalin kayan gyaran fitila na kamfanoni irin su 3M da Sylvania da Meguiar's. Yana da sauƙin amfani, sai dai yana buƙatar sabuntawa bayan shekara guda ko makamancin haka. Ta biyu ita ce a kai wa mai fentin mota ya fesa kiliya mai haɗi biyu, irin wadda ake rufe fentin mota da ita. Wannan ta fi daɗewa, kuma idan ita za a yi, ana tsayawa a samfefa mai lamba 800 ko 1000 ba tare da man guga ba, domin kiliyar ta sami abin kamawa, ita ce za ta cike zanen ta washe fitilar. Sinadarin da ke busar da irin wannan kiliya yana cutar da huhu, don haka ba aikin tsakar gida ba ne inda yara ke wasa, kuma takunkumin tsumma ba ya tare shi.

Kowace aka zaɓa, dole fitilar ta bushe sarai, babu maiƙo, babu ƙura. A lokacin hunturu gara a yi da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina kuma a duba gari, domin rufin na buƙatar yini guda ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

Dabarun da ke yaudarar ido

Bidiyoyin wayar salula sun yaɗa dabaru iri-iri. Man goge baki yana ɗan aiki, domin yana ɗauke da gari mai laushi da ke kankare datti, amma bai isa ya cire rufin da ya ƙone ba, kuma ba ya ba da kariya. Man gyaɗa da man inji suna cike zanen ne kawai, fitila ta yi ƙyalli yau, gobe ta kwashi ƙura. Waɗanda suka fi haɗari su ne fetur, da tina, da man birki, da maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET. Waɗannan suna narkar da fuskar robar, ta yi sheƙi na ɗan lokaci, daga baya ta yi ƙananan tsaga har ciki, irin waɗanda babu samfefar da za ta fitar. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Akwai kuma wata 'yar buta mai amfani da lantarki da ake dafa sinadari a ciki, ana turara fitila da tururinsa. Tana washe fitila nan take, amma ruwan da ake zubawa sau da yawa yana ɗauke da sinadarin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfani da shi a 2024 saboda illarsa ga lafiya, wato metilin kulorayid. Mai shaƙar wannan tururi kullum a wurin sana'a shi ne ke biyan farashin.

Inda guga ba ta da amfani

Ba kowace dusashewa ce ta murfi ba. Idan ruwa na shiga fitila, sai an nemo inda ya tsage ko robar bayan da ta ɓace an toshe. Idan madubin ciki ya ƙone ya yi baƙi, sai sauyi. Abin da ke ƙona shi galibi shi ne ƙwai mai wat 100 da ake sakawa a gurbin mai wat 55 ko 60, wanda zafinsa kan narkar da soket da wayoyi. Tsohon ƙwai ma haskensa na raguwa kafin ya mutu, shi ya sa ake son a sauya biyun tare, kuma kada a taɓa gilashinsa da yatsa domin maiƙon hannu na rage masa kwana. Wayar da ta yi tsatsa ita ma tana rage wutar da ke isa ga ƙwan, aikin mai waya ke nan.

Fararen ƙwayayen LED da suka cika kasuwa suna da tasu matsalar. Idan aka saka su a fitilar da ba don su aka ƙera ta ba, hasken ba ya taruwa inda ya dace, mai motar ya ga kamar gabansa ya yi haske, mai tahowa kuma ya makance na 'yan daƙiƙu. Haka nan motocin da aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, amma fitilun motocin da aka ƙera domin Ingila ko Jafan suna ɗaga haske ne zuwa hagu, wato daidai fuskar mai tahowa. Irin waɗannan sai an sauya su.

Bayan kowane gyara akwai buƙatar saiti. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bangon. Idan aka kunna ƙaramar wuta, iyakar hasken ta sama ya kamata ta sauka kimanin santimita 10 zuwa 12 ƙasa da alamar. A jikin fitilu da yawa an rubuta wannan ma'auni, kashi 1 ko 1.2 cikin 100, kuma akwai kusoshin juyawa a bayansu. Motar hayar da ake labta wa kaya a but takan ɗaga kai sama, don haka saitinta ya fi buƙatar kulawa.

Abin da ya rage shi ne kiyayewa: ajiye mota a inuwa ko a juya gabanta daga rana, zuba ruwa kafin a goge ƙura, da sabunta man kariya kafin rawaya ta sake bayyana. Gwajin kuma ba ya cin ko sisi. Mai mota ya haska bangon gidansa da dare kafin gyara, ya sake haskawa bayan gyara, ya ga bambancin da idonsa. A kan hanyar Mutum Biyu ko hawan Mayo Selbe, wannan bambanci shi ne mita 30 ɗin da ke tsakanin motarsa da yaron da ke koro shanu gida bayan Isha'i.